Za mu je Birmingham a Disamba, 'yarmu na son kai mu kasuwar Kirsimeti: mu je ko mu zauna gida?

"Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Birnin Kebbi ce, shekaruna 58. 'Yata ta gama digiri na biyu a Birmingham, za a yi bikin ba su takarda a watan Disamba, ni da mahaifinta za mu je in Allah ya yarda. Ta dame mu da zancen wata kasuwar Jamusawa da ake ci a tsakiyar garin lokacin sanyi, wai lallai sai ta kai mu. Ban taɓa fita waje ba sai Saudiyya. Mece ce wannan kasuwa? Musulmi zai sami abin da zai ci? Ina fama da ciwon gwiwa, sanyin ba zai kwantar da ni ba? Kuma za a sami tsaraba mai sauƙi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Barka da arziki, Allah ya sanya wa karatun albarka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

In na fahimce ku, abu huɗu kuke son sani: irin wurin, abin da za a sa a baki, yadda jiki zai ɗauki sanyin, da kuma ko aljihu zai ji daɗi. Na zauna a Birmingham tsawon lokacin da na yi karatu, kuma kusan kowane Disamba sai an damƙa mini iyayen wani ɗalibi ko ɗaliba na zaga da su, har da mahaifiyata. Amsata a gajarce ita ce ku je, amma ku je a matsayin 'yan kallo, da cikinku a cike, da jikinku a rufe, ranar aiki kafin duhu ya yi nisa. Sauran bayanin duk dalilan wannan ne.

Wace irin kasuwa ce?

Sunan kasuwa da aka sa mata shi ne abu na farko da ke rikita mutanenmu. Idan aka ce kasuwa, abin da ke zuwa mana a rai shi ne Jega ko babbar kasuwar Birnin Kebbi, wurin da za a taya a ce albarka, a ƙara a sallama, a nemi gyara. Can babu ko ɗaya daga ciki. Rumfuna ne na katako masu kama da ƙananan bukkoki, an jera su a kan titin New Street har zuwa dandalin Victoria Square, gaban ginin majalisar gari, an lulluɓe su da fitilu. Farashi a rubuce yake, abin da aka rubuta shi za a biya. Yawancin waɗanda ke wurin ba cefane ya kawo su ba. Sun zo su tsaya a tsaye cikin sanyi su ci, su sha, su yi hira, su ɗauki hoto, yara su hau lilon dawakai. In kuna neman abin da za ku kwatanta ta da shi a gida, ya fi kusa da rumfunan da ake kafawa a gefen filin bikin kamun kifi na Argungu.

Asalinta kuwa kasuwa ce ta gaske. A ƙasashen da ake Jamusanci, tun ɗaruruwan shekaru mutanen gari kan yi tanadin nama da kayan ɗaki kafin sanyi ya tsananta da kuma kafin bikinsu. Ta birnin Dresden na Jamus an fara ta a 1434, kuma da farko kasuwar nama ce ta yini ɗaya, kamar dai yadda kasuwanninmu ke cika ranar jajiberin Sallah. Ta birnin Frankfurt, shi ma a Jamus, an sami ambatonta a rubuce tun 1393. Sannu a hankali masu sassaƙa da masu kayan zaƙi suka shigo, kwanakin suka ƙaru, har ta koma wurin shaƙatawa. Birmingham da Frankfurt sun ƙulla ƙawancen birane a 1966, kuma ta wannan ƙofa ce 'yan kasuwar Frankfurt suka fara kawo rumfunansu. Tun 2001 ake cin ta duk shekara, in ban da 2020 da annobar korona ta hana. Masu shirya ta suna kiranta mafi girma a irinta a wajen Jamus da Ostiriya. Ana buɗewa a farkon Nuwamba, a tashi daf da ranar Kirsimeti, don haka in bikin 'yarku ya faɗo kafin 24 ga Disamba za ku same ta tana ci. Shiga kyauta ne, titi ne na kowa, babu ƙofa babu tikiti.

Akwai tambayar da ba ku yi ba, amma na san Alhaji zai yi ta: ya halatta Musulmi ya je? Ni ba malamar fiƙihu ba ce, fatawa ba tawa ba ce, ku tambayi malamin da kuka amince da shi kafin ku tashi. Abin da zan iya yi shi ne in faɗa muku gaskiyar abin da ke wurin, don malamin ya yi hukunci a kan abin da yake akwai. Ba a yin ibada a cikin kasuwar. Akwai kiɗa da waƙoƙin Kirsimeti, akwai ado na bikin, wasu rumfuna na sayar da ƙananan gumakan da ke nuna labarin haihuwar Annabi Isa a yadda Kirista suka ɗauke shi. Giya kuwa a fili ake shanta, da manyan kofuna, musamman a Victoria Square. Na ga iyayen da suka zaga suka ji daɗi, na kuma ga dattijon da muka shiga da shi, bai yi minti goma ba ya ce ransa bai kwanta ba, muka fita ta wani lungu. Duka biyun ban ga laifinsu ba. Sai dai ku sani titin New Street shi ne tsakiyar gari, bakin babbar tashar jirgin ƙasa, ko ba ku yi niyya ba sai kun ratsa wani sashe nata.

Abin ci da abin sha

Nan ne nake so ku fi natsuwa, don nan ne kuskure ya fi sauƙi.

Abin shan da kasuwar ta yi suna da shi sunansa Glühwein. Ja ne wur, ana dafa shi da kirfa da kanumfari da ɓawon lemo, ana zuba shi da zafinsa a kofin tangaran, tururi na tashi. Wallahi duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya gan shi zai rantse zoɓo ne aka ɗumama, har ƙamshin kanumfarin iri ɗaya. Giyar inabi ce. Shekarar da mahaifiyata ta zo, na juya in biya kuɗin wani abu, kafin in waiwayo har ta nuna wa mai rumfa tukunyar da hannu, an zuba mata ta riƙe. Allah ya taimaka ba ta kai baki ba. Ranar ba ta sake yarda ta karɓi komai a wurin ba, ko ruwa, kuma ta daɗe abin yana damunta. Tun daga lokacin, duk wanda zan raka sai na gaya masa tun a gida: jan abin nan ba zoɓo ba ne.

Akwai irinsa marar giya da ake yi wa yara da ruwan 'ya'yan itace, Jamusawa na ce masa Kinderpunsch. Akwai kuma koko mai zafi na cakulan. Amma ko shi cakulan ɗin, sau da yawa ana tambayar mai saye ko a ɗiga masa barasa, wasu rumfunan ma da ita suke haɗawa in ba a ce a'a ba. Ku bar 'yarku ta yi magana, ta ce marar giya kuke so, ta kuma tsaya ta ga inda aka ɗebo. Za ku ga kuɗin da aka caje ku ya haura wanda aka rubuta. Ba cuta ba ce, jinginar kofi ce: in kun mayar da kofin a ba ku kuɗinku, in kuna sonsa ku tafi da shi.

Nama kuwa ku ɗauke kai gaba ɗaya. Dogon naman nan da ake gasawa a kan faffaɗan waya mai lilo, wanda ƙamshinsa ya cika titin, sunansa bratwurst, kuma naman alade ne. Ko an ce muku akwai na sa ko na kaza, a kan waya ɗaya ake gasa su da matsefi ɗaya, ga kuma batun yanka. Abubuwan da ke ɓoye sun fi wannan haɗari. Wani burodi mai zabibi da ake kira stollen, sau da yawa a barasa ake jiƙa zabibin. Alawa mai danƙo da ake aunawa a leda galibi da sinadarin da ake samu daga fatar alade da ƙashinsa ake yin ta. Dankalin da aka soya da albasa kan zo da gutsattsarin naman alade a ciki, ƙanana ƙwarai, sai an duba. Wasu soyayyun fulawa ma a gargajiyance da kitsensa ake soya su, saboda haka a tambayi irin man.

To me ya rage? Abin da ni nake saye wa baƙina da kwanciyar rai shi ne almon da ake soyawa da sukari a gaban mutum, kamar gyaɗa mai sukari, ana ba da shi da ɗumi a ƙunshin takarda. Sai gasasshen ƙwallon itacen nan mai ɓawo launin ƙasa da suke gasawa a kan wuta, ɗanɗanonsa kamar dankalin Hausa, yana kuma ɗumama tafin hannu. Sai 'ya'yan itace da aka tsoma a cakulan, da fanken nan mai faɗi marar kauri in an shafa masa sukari da lemon tsami kawai. Waɗannan na taɓa baki ne, ba za su riƙe ciki ba. Shi ya sa na ce ku ci abinci kafin ku fita.

In yunwa ta kama ku a waje, kada ku damu, Birmingham ba garin da Musulmi zai rasa abinci ba ne. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen birnin Musulmi ne. Titin Coventry Road a unguwar Small Heath, da Ladypool Road, da Alum Rock Road, cike suke da gidajen abinci na halal, na 'yan Pakistan da Larabawa da Somaliyawa, tafiyar 'yan mintuna a tasi daga tsakiyar gari. Shinkafa da naman rago na 'yan Yaman ya fi karɓar bakin iyayenmu, a yadda na lura.

Tun da ana zancen abinci, bari in sako wannan: kada ku ɗauko wa 'yarku kilishi ko dambun nama ko man shanu. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, ana ƙwacewa a filin jirgi. Na san zuciyar uwa, amma ku riƙo mata yaji da kuka da kuɓewa busasshiya, za ta fi murna da abin da ya iso hannunta.

Sanyi da gwiwa

Mutanenmu kan ce ai mun saba da hunturu. Hajiya, ba iri ɗaya ba ne. Sanyin Kebbi busasshe ne, yana kamawa da asuba, kafin hantsi rana ta fito an tuɓe rigar sanyi. Na Birmingham jiƙaƙƙe ne, ga iska, ga yayyafi da ba ya ƙarewa, kuma babu ranar da za ta zo ta ƙwace ku. A Disamba awon zafi da rana yakan tsaya wajen digiri 6 ko 7, da dare ya sauka kusa da sifili. Dusar ƙanƙara ba kullum take sauka ba, ruwa ya fi yawa. Abin da ya sa kasuwar ta fi sauran wurare wahala shi ne a waje take, kuma a tsaye ake yin ta. Mai tafiya da sauri jikinsa na ɗumama. Mai jan ƙafa cikin cunkoso yana tsayawa gaban kowace rumfa, sanyin dutsen da aka shimfiɗa a titin ta tafin ƙafa yake hawowa, kuma gwiwa ce ke fara sani.

Kada ku kashe kuɗi a gida kan rigunan sanyi masu nauyi, ku cika akwati a banza. Ku taho da jaket ɗaya da za ku sauka jirgi da ita, sauran a saya can. Akwai katafaren kantin Primark a High Street, wanda aka buɗe a 2019, shi ne mafi girma da kamfanin ke da shi, kuma kayansa da sauƙi. Abin da za ku nema shi ne riga da wando masu kama jiki da ake sawa can ciki don riƙe ɗumi. A kansu ku sa suwaita, sannan doguwar rigarku ko atamfarku, sannan jaket mai tsawo da ruwa ba ya ratsawa. Sutura uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, don iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi, kuma in an shiga kanti mai zafi ana iya rage ɗaya. Hijabi yana taimakawa ƙwarai, yana rufe kunne da wuya, sai dai ku zaɓi wanda bai kai ƙasa ba, haka zani, don ƙasa a jiƙe take kuma leɓen tufa in ya sha ruwa har idon sawu za ku ji shi.

Takalmi shi ne wanda ba na sassauci a kansa. Silifa da safa, yadda muke yi a Madina, ba za su yi ba ko na minti biyar. Sau ciki ake so, mai kaurin ƙasa, marar santsi, mai ɗan yalwa yadda safa biyu za su shiga ba tare da ya matse yatsu ba. Shi ma Alhaji haka: dogon wando na ciki a ƙarƙashin na shadda, da hular ulu mai rufe kunne, a ajiye zanna bukar sai ranar ɗaukar hoto. Safar hannu kowa da tasa.

Batun gwiwar kanta, likitanku ne zai faɗi maganin da za ku riƙe, ku gan shi kafin tafiya, ku taho da abin da zai ishe ku da takardarsa. Nawa shi ne in gaya muku wuraren zama sun yi ƙaranci a kasuwar, kuma titin yana ɗan haurawa in an nufi Victoria Square. Dabarar da nake yi da tsofaffi ita ce tasi ya sauke mu ta sama, kusa da dandalin, mu gangaro zuwa wajen tashar New Street da Bullring, babban ginin kantuna, inda akwai ɗumi da kujeru da ban ɗaki. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa. Bayan rumfa ashirin ɗin farko, kayan maimaita kansu suke yi.

Wace rana, wane lokaci

Yinin Disamba a can gajere ne ƙwarai. Rana na fitowa bayan ƙarfe 8 na safe, ta faɗi kafin 4 na yamma. Azahar na shiga wajen 12, La'asar kafin ƙarfe 2, Magariba daf da 4. Wanda bai shirya ba sai ya fita sau ɗaya salloli uku su wuce shi a titi. Yadda na fi so shi ne ku yi Azahar da La'asar a masauki, ku ci abinci, ku fita wajen ƙarfe 2. Za ku ga rumfunan da sauran haske, kuma da yake gari na yin duhu da wuri, musamman in akwai hadari, za ku ga fitilun sun fara kyau kafin ku bar wurin. Daga nan tasi zuwa babban masallacin Birmingham da ke Highgate ba nisa, akwai sashen mata, ku yi Magariba, ku wuce cin abincin dare.

Ku zaɓi Litinin zuwa Laraba. Daren Juma'a da yinin Asabar ban yarda ku je ba. Ma'aikata na tashi daga ofis su taru a wurin shan giya, mutane na zuwa daga wasu garuruwa, titin ya cushe har sai an bi da kafaɗa, kuma mai ciwon gwiwa ba ta da abin yi a cikin turereniya. Hijabi ba baƙon abu ba ne a Birmingham, da rana babu mai kallonku sau biyu. In za a ji magana marar daɗi, daga bakin wanda ya bugu ne da dare, wannan ma wani dalili ne na komawa da wuri.

Za ku ga 'yan sanda da manyan shingaye na ƙarfe da kankare a mashigar titunan. An ƙara su ne bayan harin da aka kai da babbar mota a kasuwar Kirsimeti ta Berlin a Disambar 2016, kuma an sake kai irinsa a Magdeburg a Disambar 2024. Kada ganinsu ya tayar muku da hankali. Abin da ya fi kusa da ku shi ne 'yan sane, kamar kowace kasuwa mai cunkoso. Fasfo ya zauna a masauki, jaka ta rataya ta gaba a ƙarƙashin hijabi, kuma ku rubuta lambar 'yarku da adireshin masauki a takarda ku sa a aljihu, don sanyi na saurin cinye cajin waya. Lambar neman agaji 999 ce.

In 'yarku ta kawo shawarar ku tsallaka Jamus ku ga ta asali, ku tuna bizar Birtaniya ba ta shiga can, sai da wata daban.

Tsaraba

A'a, Hajiya, ba wurin tsaraba ba ne. Kayan da ake sayarwa na ado ne: sassaƙen katako, kyandir, ƙwallayen gilashi na rataya a bishiyar Kirsimeti, fitilu masu siffar tauraro, huluna da safar hannu. Wasu aikin hannu ne mai kyau, wasu kuwa na masana'anta ne da za a samu ko'ina, kuma duka da tsada, don kuɗin rumfa da na fitilu a kan mai saye suke ƙarewa. In aka juya kuɗin zuwa naira sai zuciya ta buga. Galibinsu kuma ba su da amfani a ɗakinmu. In kuna son abin tunawa, ku riƙe kofin da kuka sha cakulan a ciki, ko ku saya wa jika abin wasa ɗaya na katako.

Tsarabar dangi da maƙwabta ku bari sai kun je Primark ɗin nan, ko kasuwar Rag Market da ke bayan Bullring inda ake sayar da yadi da kayan sawa, ko shagunan Alum Rock Road don abaya da mayafi da turare. In zamanku zai kai bayan Kirsimeti, ranar 26 ga Disamba manyan kantuna ke karya farashi. Ranar 25 kuwa gari a rufe yake, jiragen ƙasa ba sa tafiya, kantuna a kulle, don haka ku yi cefanenku tun ranar 23, kuma kada ku sa tafiyarku zuwa filin jirgin Landan ta faɗo a wannan rana.